Masu Jita Suna Gardama kan Amo, Mu Kuma Mun Bar Kotso Yana Dushewa

A watan Janairun 2022 wani mutum mai suna Alexander Dumble ya rasu a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sana'arsa ƙera amfilifaya, wato akwatin nan da mai kaɗa jitar lantarki yake jona wa jitarsa domin sautinta ya fito. Bai kafa masana'anta ba. Da hannunsa yake haɗa kowane akwati, kuma duk abin da ya ƙera a rayuwarsa bai wuce kimanin guda 300 ba. A yau idan ɗaya daga cikinsu ya shigo kasuwa, ana cinikinsa a kan dubban daloli masu yawa, wasu sun haura dala dubu ɗari. Masu jita kuwa sun shafe shekaru suna kai ruwa rana a kan tambaya guda: me ya sa amon akwatin Dumble ya bambanta da na sauran, kuma bambancin ya kai wannan kuɗi?

Ɗan bokon Arewa da ya ji wannan labari zai yi dariya ya ce ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Ni ma ina ganin akwai abin dariya a cikin lamarin, kuma zan nuna shi. Sai dai babban abin da nake son faɗa ya shafe mu ne. Mutanen da suke gardama a kan amo mutane ne da suka san amo dukiya ce, suka san wanda ya ƙera shi, suka biya shi, suka adana aikinsa. Mu da muka gaji ɗaya daga cikin amo mafi ƙasaita a Afirka ta Yamma, amon kotson fadojin Zamfara, mun kwashe kalmomin waƙoƙin mun zuba a kundayen digiri, mun bar sautin a hannun fiyano da lasifikar biki. Tsakanin mai sayen akwati da tsadar hauka da mai watsar da gadon gidansu kyauta, na biyun ya fi cancantar a yi masa dariya.

Abin da ke cikin akwatin

Jitar lantarki ba ta da ƙara a karan kanta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, wanda yake mayar da girgizar tsirkiya ta zama ɗan ƙaramin motsi na lantarki. Aikin amfilifaya shi ne ya kumbura wannan motsi har ya iya tura lasifika. Hanyoyi biyu ne manya na yin haka. Ta farko ita ce ta amfani da wasu ƙwayaye na gilashi masu kama da ƙwan fitila, waɗanda aka zuƙe iskar cikinsu, suke yin ja idan sun ɗau zafi. Lee de Forest ne ya ƙirƙiro irin wanda ke ƙara ƙarfin sauti a 1906, kuma da su tsofaffin akwatunan rediyo suke aiki. Ta biyu ita ce ta tiransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947. Tiransista ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka, ba ta fashewa, ba ta kuma cin wuta sosai, don haka ta kori ƙwan gilashi daga rediyo da talabijin da kusan ko'ina. Masu jita suna cikin 'yan ƙalilan da suka ƙi sakinsa.

Dalilinsu yana da tushe a kimiyya. Duk wani sauti da kunne ke ji yana tafe da wasu ƙananan sautuka a samansa, kamar yadda jagoran waƙa yake tafe da 'yan amshi. Yawan waɗannan 'yan amshi da ƙarfin kowannensu shi ne ke sa a bambanta goge da algaita ko da sun fitar da murya iri ɗaya. Wannan shi ne amo. Idan aka matsa wa amfilifaya har ya wuce iyakar ƙarfinsa, dole sautin ya jirkita. Ƙwan gilashi yana jirkita shi a hankali, yana ƙara masa 'yan amshin da kunne ke jin daɗinsu, sa'ilin da tsohuwar tiransista take datse kan sautin farat ɗaya ya fito a tsatstsage. Haka kuma akwati mai ƙwai yana bin hannun mai kaɗawa: ya taɓa tsirkiya da laushi sautin ya fito garau, ya daka ta sautin ya yi gurnani. Tun a 1973 wani injiniya mai suna Russell Hamm ya buga bincike a kan wannan bambanci a mujallar injiniyoyin sauti ta Amurka.

Daga nan kasuwa ta ɗora nata. Kamfanin Fender na Amurka ya yi akwatunan da suka yi suna a shekarun 1950. A 1962 Jim Marshall ya kwaikwayi ɗaya daga cikinsu a Landan, ya fito da nasa. Da manyan kamfanoni suka koma ƙera dubbai a kan layin masana'anta, sai wasu masu sana'a suka koma ƙirar hannu, guda-guda. Dumble yakan saurari yadda mutum yake kaɗawa, sannan ya daidaita masa akwatin da zai dace da hannunsa, kuma yakan kwarara wani irin danƙo a kan wayoyin ciki domin kada a saci sirrinsa. Stevie Ray Vaughan da Carlos Santana da Robben Ford duk sun kaɗa da akwatunansa. Wani kuma, Ken Fischer, mai akwatunan Trainwreck, maimakon lamba sunan mace yake raɗa wa kowane akwati, kamar mai raɗa wa 'ya suna.

Inda masu jita suka ɓata

Kuskuren da yawa daga cikinsu shi ne ɗaukar cewa amo yana zaune a cikin farashi. Mutum ya biya kuɗin mota a kan akwati, dole kunnensa ya ji masa abin da aljihunsa yake so ya ji. An gwada irin wannan a kan wani abin kiɗa da ya fi amfilifaya tsada nesa ba kusa ba. A 2010, a birnin Indiyanafolis, Claudia Fritz da abokan bincikenta sun ba ƙwararrun masu gogen Turawa su 21 tsofaffin gogunan Italiya, har da na Stradivari, haɗe da sababbi, bayan an rufe musu ido da tabarau mai duhu. Yawancinsu suka zaɓi sababbin. A fagen jita ma, tun daga 2011 da kamfanin Kemper na Jamus ya fito da na'urar da ke kwafe amon kowane amfilifaya ta adana shi kamar hoto, manyan makaɗa da dama sun koma amfani da irinta a dandamali, masu sauraro kuma ba su tashi sun fice ba. B.B. King, wanda babu mai musun amonsa, ya daɗe yana kaɗawa da akwatin tiransista.

Hujjar da ta fi kusa da mu tana Jamhuriyar Nijar. Jitar Abzinawa, wadda ta fitar da Bombino daga Agadas zuwa manyan dandamalin duniya, ta girma ne a wuraren biki, da janareta da duk akwatin da aka samu, kuma wanda ya fi farin jini a wurinsu shi ne Roland mai tiransista. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, a irin salon sitidiyon waƙoƙin fim na Hausa, kuma waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya a faɗin Sahara har ɗaya ta shiga wani faifai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Yau mujallun jita na Amurka, waɗanda masu karanta su ne suke musu a kan Dumble, suna sa shi cikin gwanayen wannan zamani. Abin da suka ji a hannunsa tun yana nan kafin ya mallaki akwati mai tsada.

Idan batun ya tsaya a nan, da sai mu ce amo a hannu yake, mu tafa wa kanmu, mu koma barci. Wannan rabin gaskiya ne, kuma shi ne rabin da ya fi mana daɗin ji saboda ba ya neman komai daga gare mu.

Inda suka fi mu

Hannu ba ya kaɗa iska. Sai da fata da itace da tsirkiya, ko waya da ƙwan gilashi, kuma sai da wanda ya iya haɗa su. Masu jita sun san wannan, sun kuma ɗauke shi da muhimmanci ta hanyoyin da ya kamata su ba mu kunya.

Sun san sunan mai ƙira. Yaron da ya fara koyon jita a Ingila zai gaya maka waye Leo Fender, waye Jim Marshall. Suna da kalmomin bayyana amo, suna cewa wannan mai ɗumi ne, wancan mai ƙyalli, wannan ya yi laka, kuma ko da wasu kalmomin sun zama shirme, yawan gardamar ya horar da kunnuwansu. Sun zana taswirar wayoyin tsofaffin akwatuna sun adana, ta yadda mai sana'a a yau zai iya sake ƙera akwatin 1959 daidai da yadda yake. Suna kuma lura da tushen kayan aikinsu. Masana'antun da suka rage suna yin ƙwan gilashi 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 aka shiga fargabar yankewar na Rasha, farashi ya tashi, hankalin duniyar masu jita ya tashi tare da shi. Sun gane cewa idan kayan ƙira ya yanke, amon ya tafi.

Yanzu sai mu juyo gida da waɗannan ma'aunai.

Mafara, Bakura, Maradun

Da wuya a sami wani yanki a ƙasar Hausa mai faɗin wannan da ya ba da makaɗan fada masu nauyin waɗanda ya bayar. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, gidansu ya yi wa Sarkin Ƙayan Maradun kiɗa, daga nan muryarsa ta kai ga Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, har ya rasu a 1991. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa laƙabin Ɗanƙwairo ma saboda zaƙin muryarsa aka sa masa shi, ke nan tun daga sunansa amo ne. Sa'idu Faru, Malamin Waƙa, ya yi zamaninsa da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo a Talata Mafara, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1996 zuwa 2006. Dukansu biyu kotso suke kaɗawa. A ɓangaren tsirkiya kuma, wanda ya fi kusa da jita, Hassan Wayam mai kukuma ɗan ƙasar Maradun ne kafin ya koma Zariya.

Kotso na'ura ce mai sarƙaƙiya ga wanda ya tsaya ya dube ta. Itace ne da aka sassaƙa da siririn ƙugu, aka rufe baki ɗaya da fata, aka bar ɗayan a buɗe. Ana liƙa danƙo a tsakiyar fatar, kuma nauyin wannan danƙo shi ke saukar da muryar gangar ya ba ta zurfi. Da hannu ake kaɗa shi, don haka tafin hannu da kan yatsa kowanne da irin sautin da yake fitarwa. Makaɗi yana matsa igiyoyin gefe ya ɗaga murya, ya sassauta ya sauke ta, kuma da yake Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa, ta haka ganga take faɗin take da kirari, wanda ya saba ya ji magana sarai. Fatar tana jin yanayi: ta saki da damina, ta ɗaure da hunturu, kuma makaɗin kirki ya san yadda zai lallaɓa ta kafin ya tsaya gaban sarki. A ƙungiya kotsuna da dama ne suke kaɗawa tare, masu kaɗa su kuma su ne 'yan karɓi, shi ya sa numfashin waƙa da bugun ganga suke tafiya kamar jiki ɗaya. Duk abin da masu jita suke yabawa a akwati mai ƙwai, cewa yana bin hannu, yana da rai, kowane guda da halinsa, kotso ya riga shi.

Haka kukuma take. Ƙwarya ce da fata da izgar doki, ana shafa wa izgar ƙaro domin ta kama. Ba ta da matakala a wuyanta, don haka yatsa yana zamewa tsakanin murya da murya yadda maƙogwaron mutum yake yi. Ɗanmaraya Jos da kuntigin da aka yi da gwangwanin kifi da fatar akuya ya zaga duniya. Ita kanta fatar abin alfahari ce: fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce aka daɗe ana ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye da sunan fatar Maroko.

To, a tara masu digiri a zauren taro a Gusau, a tambaye su wa ya sassaƙa kotsunan Ɗanƙwairo, wa ya jeme fatar, wa ya ɗaura ta. Za a sami masu rera waƙa sukutum daga ka, masu fashin baƙin kowane zambo da habaici, amma a wannan tambaya za a ji shiru. Dumble ɗinmu sun rayu sun mutu ba mu rubuta sunayensu ba.

Yadda muka yi da gadon

Laifi na farko namu ne, mu 'yan boko. Mun mayar da waƙar baka adabi zalla. An yi aiki mai daraja a wannan fage, kuma littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kaɗai sun ceci tarihin makaɗa da dama daga ɓacewa. Amma tsarin karatunmu ya sa ɗalibi yana rubuta baitoci a takarda, ya fitar da jigo da salo, ya ambaci abin kiɗan a layi biyu, ya wuce. Har yau ɗaya daga cikin manyan madogarai a kan sassan kayan kiɗan Hausa shi ne ƙamus ɗin da David Ames da Anthony King suka buga a 1971. Fiye da shekara hamsin ke nan. Wanda ya karanta waƙar Sa'idu Faru a takarda ya ce ya san ta, kamar wanda ya karanta jerin kayan miya ne ya ce ya ci tuwo.

Na biyu shi ne fiyano. Tun da sitidiyon waƙoƙin fim suka bunƙasa, na'urar Yamaha ɗaya ta maye gurbin ƙungiyar makaɗa. Bugun gangar da ke cikinta naɗaɗɗe ne, duk sanda aka danna abu guda yake fitowa, ba ya hawa, ba ya sauka, ba ya faɗin taken kowa. Muryoyinta a kulle suke a matakai goma sha biyu na kiɗan Turai, kuma manhajar gyaran murya, wadda ta fito a 1997, tana janyo muryar mawaƙi ta ajiye a kan mataki mafi kusa, ta share zamiyar da ke tsakani. Wannan zamiya kuwa ita ce rabin daɗin waƙar Zamfara. Sakamakon a bayyane yake ga duk mai kunne: waƙar siyasa da ta biki da ta sarauta sun koma amo ɗaya, sunan wanda ake yi wa kawai ake sauyawa.

Na uku shi ne lasifika. Ko a inda aka gayyato masu kotso na gaske, sai a kafa musu makirufo ɗaya, a jona da amfilifaya mai araha, a murɗe shi har ƙarshe. Abin da ke fitowa shi ne ainihin tsatstsagewar da masu jita suka shafe shekaru suna gudu, zurfin gangar ya ɓace, muryar jagora ta koma ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 cewa matsakaicin ƙarar wurin taro kada ya wuce ma'aunin desibel 100, saboda kare ji. Mu kuwa muna auna girman biki da nisan unguwar da aka hana barci. Hausawa sun ce idan ganga ta faye zaƙi tana kusa da fashewa. Tamu ba zaƙi ne zai fasa ta ba, murɗa maɓalli ne.

Na huɗu shi ne naɗaɗɗun sautukan. Yawancin abin da muke saurare na waɗannan makaɗa ya taso ne daga zaren naɗi na gidajen rediyo irin na Kaduna da Rima ta Sakkwato, da faifan garmaho da kaset. An kwafi kaset daga kaset, kowane kwafi yana rage wani abu. Daga nan aka matse su zuwa MP3, tsarin da ke zubar da wani ɓangare na sauti domin fayil ya ƙanƙance, sannan aka yi ta tura su ta waya ana ƙara matsewa. Matashin da ya ce kiɗan da ba shi da daɗi bai yi ƙarya ba a kan abin da ya ji, domin inuwar kiɗan aka ba shi. Zaren naɗi kuma yana lalacewa da zafi da laima da ƙura, ba ya jiran a gama taron kwamiti.

Abin da za a ce da ni

Za a ce Zamfara tana fama da 'yan bindiga, ana sace mutane a ƙauyukan Maradun da Bakura, wane ne yake da lokacin zancen fatar ganga? Tambayar tana da nauyi, kuma rai ya fi komai. Amma rashin tsaron shi ne ya sa batun ya zama na gaggawa. Masassaƙi a ƙauye yake, itacen a daji yake, fatar a kasuwar mako take. Da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako a 2021 domin matsa wa 'yan bindiga, duk sana'ar da ta dogara da cinikin dabbobi ta ji a jikinta. Dattijon da ya gudo gari ya bar gizagonsa ba zai koya wa jikansa sassaƙar kotso a zaman gudun hijira ba. Gini idan ya rushe ana sake shi daga zane. Ilimin da ke hannun mutum ɗaya, wanda ba a rubuta ba, ba a naɗa ba, yana shiga kabari tare da shi.

Za a ce kuma idan kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take yi, fiyano ya ba dubban matasa abinci, kuma kowane zamani da amonsa. Na yarda, ba na kuma kiran a hana kowa sana'arsa. Waƙar sitidiyo tana da gwanayenta, har ta ja Mdou Moctar zuwa Sakkwato. Sai dai a duba abin da ya faru a wurin masu jita. Na'urar kwaikwayo ta zo ta zauna, amma abin da take kwaikwaya yana nan a adane, ana ƙera shi, ana sayensa, ana auna ta da shi. Idan na asalin ya ɓace, kwaikwayon ba shi da abin da za a gwada shi da shi, kuma kowace shekara yana ƙara nisa da tushensa ba tare da kowa ya lura ba.

Akwai masu cewa kiɗan fada kayan sarakuna ne da 'yan maula, bai dace da zamani ba. Mai wannan ra'ayi yana da 'yancinsa a kan sarauta. Amma babu wanda ya ƙone gogen Stradivari saboda fadawan Turai ne suka fara sayensa.

Aikin da ke gabanmu

Babu abin da ake bukata a nan da ya kai kuɗin akwatin Dumble ɗaya. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, tana da jami'ar jiha, Gusau kuma tana da jami'ar tarayya. Ɗaliban injiniyan lantarki za su iya auna amon kotso da na kukuma su rubuta abin da suka samu. Ɗaliban Hausa da na aikin jarida za su iya zama da masassaƙa da majema da 'ya'yan gidajen kiɗa, su ɗauki aikin a bidiyo daga saran itace har zuwa liƙa danƙo, su rubuta sunan kowane sashe da sunan kowane mai sana'a. Sashen da ya yarda ɗalibi ya yi kundi a kan jigon waƙa, ya yarda wani ya yi a kan fatar gangar da aka rera ta da ita.

Gidajen rediyon da ke riƙe da zaren asali su mayar da shi cikin kwamfuta da cikakken ingancinsa, ba a matse ba, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kuma ba iyalan makaɗan haƙƙinsu. Masarautun Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda sunayen magabatansu suka shiga duniya a kan kotso, su ɗauki nauyin mai ƙira kamar yadda suke ɗaukar nauyin mai kula da dawaki. Masu sitidiyo su koyi naɗar ganga ta gaske, da makirufon da ya dace a wurin da ya dace, su biya makaɗin kuɗin aikinsa.

Kai kuma mai karatu, likita ko lauya ko ma'aikacin banki, da kake kunna Ɗanƙwairo a mota kana jin kanka ya kumbura, akwai naka kason. Ranar da za ka aurar da 'ya ko a naɗa wa ɗan'uwanka rawani, ka ware wa masu kotso wani abu daga kuɗin da za ka ba mai lasifika, ka ce a sassauta ƙarar domin a ji gangar. Ka tambayi makaɗin wa ya yi masa kotsonsa, ka riƙe sunan. Sana'a tana rayuwa ne idan akwai mai saye da ya san bambancin mai kyau da maras kyau, kuma a shirye yake ya biya bambancin. Masu jita sun wuce gona da iri a wannan, har suna biyan kuɗin gida a kan akwati. Daga gare mu abin da ake nema ya fi haka sauƙi ƙwarai: mu saurara da kyau, mu biya mai ƙira tun yana da rai.